Ruwan Lahadi a Kan Gidan Saveta

Dumbreni, Romaniya
Litinin, 12 ga Yuli, 1993

Gwaggo Pieternel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, kuma gwiwar taki ta yi sauƙi. Ni lafiyata lau, sai cizon ƙuma a ƙafafu. Baba ma lafiya, yana cin abinci sosai.

Kin ce in riƙa rubuto miki tunda a waya ba na iya cewa komai sai "e" da "a'a". To ga shi.

Mun iso ranar Juma'a bayan kwana uku a mota. Mu goma sha huɗu ne daga cocinmu na Tholen, ni kaɗai ce yarinya. A makarantar ƙauyen muke kwana, mata aji ɗaya, maza aji ɗaya. Aikina feren dankali da wanke-wanke.

Gidan da za mu gina na wata mata ce, Saveta. Itace ya faɗo wa mijinta Toader a daji, shekara biyu ke nan ba ya tashi. Tsohon gidansu ya tsage har ana hango waje, filin kuma ƙarami ne, don haka yau aka rushe shi don a gina sabo a gurbinsa. A kan ƙyaure aka ɗauki Toader aka kai shi ɗakin awaki. Saveta ta yi ta magana. Malama Rodica, malamar makarantar da ke mana tafinta, ta ce tambaya take ina za su kwana idan sanyi ya zo ba a gama ba. Dattijo Bolier, shugaban tafiyarmu, ya buɗe mata takardar da aka tsara aikin kowace rana har mako huɗu. Ya ce, "Gaya mata mu mutanen yankin Zeeland ne. Teku ma mun yi masa iyaka, balle ɗaki biyu."

An tsare motar bulo da siminti a kan iyakar ƙasa, ba a san ranar sakinta ba. Saboda haka da tubalin laka da ciyawa za mu yi ginin, wanda maƙwabtan Saveta suka daɗe da bugawa suka shanya mata.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Da aka gama rusau, maƙwabtan sun kawo barasar da suke dafawa da kansu, kowa aka miƙa masa ɗan kofi. Krijn magini ya ce wa Baba, "Rinus, ga maganin ƙura. Ko in riƙe maka hanci ka haɗiye?"

Baba ya ce, "Riƙe bakinka ya fi, Krijn, shi ne ke yoyo."

Aka yi dariya. Bai sha ba. Amma ya daɗe riƙe da kofin kafin ya mayar, kuma na ga Dattijo ya ciro ɗan littafinsa ya yi rubutu.

Na san abin da dattawan coci suka yanke a kan shan barasar da Baba ya yi a baya, ko da yake ba a gabana aka faɗa ba. Idan Dattijo ya kai kyakkyawar shaida a kan Baba, za a bar shi ya koma cin Jibin Ubangiji tare da sauran masu bi a coci, ni kuma in ci gaba da zama a wurinsa. Idan bai kai ba, in dawo gidanki a Barneveld. Kada ki ji haushi, Gwaggo, gidanki yana da kyau. Sai dai tun rasuwar Mama ni ce ke sanin inda ya ajiye tabarau.

Izak direba zai juya gida gobe, shi zai kawo miki wannan.

'Yarki,
Dingena


Barneveld
Asabar, 17 ga Yuli, 1993

'Yata Dingena,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ba ta mutu ba, ba ta warke ba. Ƙumar nan, ki shanya bargonki a rana kullum, kuma ki daina sosawa.

Izak ya kawo wasiƙarki ya kuma cinye mini rabin burodi. Rubutunki ya fi bakinki, na ji daɗinsa. Ban ji haushi ba. Kina tsammanin ina ɗokin raba 'ya da ubanta ne? Na riga shi zuwa duniya da shekara goma sha ɗaya, ni na goya shi, na san abin da zai zama idan ya dawo gidan da ba motsin kowa.

Amma maganar kofin nan ta tsaya mini a rai. Na san Bolier tun muna ajin koyon addini. Ba mugu ba ne, sai dai abin da ya shiga littafinsa ba ya fita. Kuskure ɗaya ya ishe shi. Don haka ki sa ido a kan ubanki. Duk abin da za ki iya yi don ki hana shi jawo wa kansa magana, ki yi. Ɓoyewa ce, ki ɓoye. Ko zai ji haushinki, ki yi, haushi yana wucewa. Mako huɗu ne kawai.

Krijn kuma ki gaya masa na ce ya ji da tumbinsa.

Ta gidan waya zan aiko wannan, ban san yaushe za ta same ki ba.

Gwaggonki,
Pieternel


Dumbreni
Talata, 20 ga Yuli, 1993

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya gwiwa, yaya kajinki? Mu duka lafiya, sai matar Krijn da cikinta bai karɓi tuwon masarar nan ba. Har yau ban ga amsarki ba, amma Malama Rodica ta ce wasiƙa takan yi mako a hanya.

Bango ya kai saman taga. Da farko Krijn ya raina tubalin, ya ce bai taɓa gini da abin da kaji ke tono ba. Yanzu shi ke shafa bangon yana cewa ya fi ɗakinsa sanyi.

Baba ya canza, Gwaggo. Yana yin fito da bakinsa. Rabon da in ji haka tun kafin Mama ta kwanta. Shi da Saveta ba sa jin yaren juna, da hannu suke magana, kuma suna gardama sosai. Yana so ya yi mata babbar taga irin tamu, ita kuma ta ce sanyi zai kashe Toader. Ita ta ci gardamar. Sau uku aka kawo wa Baba kofin nan, sau uku ya dafa ƙirji ya ƙi.

Dattijo ya ce a riƙa kulle kayan aiki da tamfol da ƙusoshi a ɗakin ajiyar makarantar, da babban kwaɗon da muka zo da shi. Ba abin da ya ɓata tukuna, amma ya ce bai kamata a sa matalauci cikin jarraba ba. Makullin yana hannun Baba, tunda shi ne kafinta.

Kwanon rufi ne bai iso ba. Kullum da yamma Saveta tana nuna wa Baba sama, ta nuna bango, ta murza yatsunta kamar mai marmasa burodi. Malama Rodica ta ce bangon laka da ba a rufe ba, ruwa mai ƙarfi na wuni ɗaya ya ishe shi. Jiya a wurin cin abinci Baba ya ce, "In ruwan nan ya ga dama ya zo ranar Lahadi, da takalmin sujada za ku gan ni a sama."

Krijn ya ce, "Ka bari in ara maka laima, kada tayen wuyanka ya jiƙe."

Dattijo bai yi dariya ba. Ya kira Baba da cikakken sunansa ya ce, "Ba a wasa da ranar Ubangiji, Marinus." Sai kowa ya dubi farantinsa.

Gwaggo, ina da tambaya, ba zan iya yi wa kowa a nan ba. Mu da ko keke ba ma hawa ranar Lahadi, ko ƙusa ɗaya ba ma bugawa. Idan aka rufe bangon wani ranar, zunubi ne? Kuma za a rubuta shi a littafin?

'Yarki,
Dingena


Dumbreni
Litinin, 26 ga Yuli, 1993

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya. Ba wanda ya ji ciwo a cikinmu. Na fara da wannan don kada ki tsorata.

Wasiƙarki ta 17 ga wata ta iso ranar Asabar da rana. Na karanta ta sau huɗu a bayan makaranta.

Ranar ce kuma kwano ya iso, da ƙarfe uku. Katakon rufi yana sama tun Juma'a, kwanon kawai ya rage. Baba ya so a fara bugawa nan take. Dattijo ya ce ƙarfe biyar ake ajiye aiki ranar Asabar kamar kullum, akwai takalma da za a goge, da abincin gobe da za a dafa. Baba ya ce to a shimfiɗa tamfol a kan bangon. Dattijo ya dubi sama, garau take, ya ce tamfol ɗin da ya kwana biyu a waje ƙafa yake yi. Aka shigar da komai aka kulle.

Jiya da safe hadari ya haɗu, baƙi ƙirin ta gabas. Na ga Baba tsaye a taga, taye a hannu bai ɗaura ba. Na san abin da yake tunani. Na tuna kin ce kuskure ɗaya ya isa, kin ce ɓoyewa ce in ɓoye. Da ya fita aski, na shiga ajin maza, na ciro makullin daga aljihun wandonsa na aiki, na cusa shi cikin ɗinkin hulata ta sujada, na sa hular a kai.

A aji muka yi sujada. Muna cikin waƙa ta biyu ruwan ya sauko, har ba ma jin muryar juna. Dattijo ya fara karanta wa'azin da ya zo da shi a rubuce. Bai yi nisa ba sai ga Saveta a bakin ƙofa, ba takalmi, da buhu a kanta. Ba ta shigo ba, ta ga muna addu'a. Ta tsaya kawai ruwa na zuba mata.

Baba ya tashi ya fita. Muna jin yana birkita ajin maza. Ya dawo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wa ya ga makulli?"

Dattijo ya ce, "Zauna, Marinus. Ba a gama wa'azi ba."

"Laka ba ta jin wa'azi, Dattijo."

Ya ɗauki dutse ya nufi ɗakin ajiya, muka bi shi. Ƙofar ƙarfe ce, kwaɗon kuma namu ne mai kyau. Ya buga ya buga, ko gezau. Krijn ya ce bari ya nemo gatari a maƙwabta, matarsa ta riƙe masa kwat ta ce, "Kai ma so kake ka shiga littafi?" Sai Dattijo ya zo ya tsaya a jikin ƙofar. Ba da faɗa ya yi magana ba. Ya ce, "Ka duba da kyau, ɗan'uwa. Shekara nawa kana riƙe makullai ba ka taɓa yar da ɗaya ba? Wanda ya ba mu ranar nan, shi ya ɗauke makullin daga hannunka."

Ina tsaye kusa da shi lokacin da ya faɗi haka. Makullin yana sukar kaina.

Na kama hannun rigar Baba na ce, "Baba, don Allah." Iyakar abin da ya fito ke nan. Ya ce, "Sake ni, Dien," ya bi Saveta cikin ruwan, da kayansa na sujada, hannu wofi.

Muka koma aka ƙarasa wa'azin. Matar Krijn ta miƙo mini alewar minti, na riƙe ta har ta narke a hannuna. Ta taga ina hango su. Mutanen ƙauyen sun fito da tabarmi da buhuna da tsofaffin riguna suna jibgawa a kan bangon, iska tana kwashewa. Saveta har bargon da Toader ke rufa da shi ta ɗauko. Daga baya na tambayi Malama Rodica me ya hana su fasa ƙofar da kansu. Ta ce, "Mu fasa ƙofar baƙi? Gobe a ce mu ɓarayi ne, mota ta daina zuwa."

Sau biyu na kai hannu kan hular. Na ce a raina in na fito da shi yanzu, kowa zai juyo ya dube ni, kuma Baba zai hau sama da guduma a gaban Dattijo. Na ce ƙila ruwan ya tsaya.

Muna cin miyar da aka dafa tun Asabar muka ji ƙarar. Ba ta da ƙarfi ma, kamar an sauke buhun dankali daga mota. Bangon gabas ne ya zauna, katakon rufin ya biyo shi. Kafin yamma na kudu ma ya tafi. Sauran biyun Krijn ya ce yatsa yana shiga cikinsu.

Baba ya dawo laka har wuya. Bai ci abinci ba. Dattijo ya yi rubutu mai tsawo.

Yau da safe aka ari zarto aka yanke kwaɗon, bai kai minti goma ba. Tamfol yana nan a naɗe, a bushe.

Ba wanda ya sani sai ke. Na yi abin da kika ce, Gwaggo, amma duk da haka ya fita. Ki gaya mini abin da zan yi yanzu.

Dingena


Barneveld
Laraba, 28 ga Yuli, 1993

'Yata Dingena,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ina lafiya, kaji suna ƙwai kamar an biya su. Yau wasiƙarki ta 20 ga wata ta iso, ita ce ta biyu da na samu. Da na karanta cewa ubanki yana fito, sai da na cire tabarau na goge.

Tambayarki kuma, kin ba ni dariya, tsohuwa a jikin yarinya. Zauna in ba ki labari. Babban ruwan ambaliya na shekarar hamsin da uku, ranar Lahadi ya waye mana. Ina 'yar shekara goma sha huɗu, ubanki yana goye a bayana a saman bene. Kakanki dattijon coci ne, ya fi Bolier tsanani sau biyu, ko wasiƙa ba ya buɗewa ranar Lahadi. Ya ciro ƙyauren sito da guduma, ya ɗaura masa ganguna, ya wuni yana kwaso mutane daga kan rufi da kwat ɗinsa na sujada. Mutum tara ya kwaso. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi zunubi, da wani ya faɗa da ya sha mari.

Don haka in ruwa ya zo, ki miƙa wa ubanki ƙusa. Abin da na ce ki tsare shi daga gare shi kwalba ce, kwalba kawai. In Bolier ya rubuta cewa Marinus ya rufe gidan gurgu ranar Lahadi, ni da kaina zan hau jirgin ƙasa in zo Tholen in karanta wa dattawan sunayen mutum taran nan, biyu daga cikinsu iyayensu ne.

Ki ci abinci. Ki gaishe mini da Saveta, ta yi daidai a maganar taga.

Gwaggonki,
Pieternel


Dumbreni
Alhamis, 5 ga Agusta, 1993

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya. Ni lafiya. Toader ne yake tari tun ranar ruwan, ɗakin awakin yana yoyo.

Jiya wasiƙarki ta 28 ta iso. Na san lokacin da kika rubuta ta ba ki ga tawa ta uku ba. Ban ga laifinki ba.

Gobe motarmu za ta tashi. Ba a sake ginin ba, don tubalin ya ƙare, sabo kuma sai an cuɗa laka, an buga, an shanya mako uku in rana ta yarda. Mun gyara rufin ɗakin awakin da kwano huɗu. Dattijo ya ce an yi iyakar ƙoƙari, kuma akwai hoton da aka ɗauke mu a gaban gidan ranar Juma'ar da bango ke tsaye, shi za a nuna a coci. Ya ce wa Baba in ya tsaya gaban dattawa ya amsa laifin ranar Lahadin, zai rubuta cewa bai taɓa kwalba ba, a yi masa sassauci, mu koma gida tare.

Da na gama karanta wasiƙarki na tafi ramin laka. Baba yana ciki shi da maza biyu na ƙauyen, sun naɗe wando suna tattake laka da ciyawa. Na miƙa masa makullin.

Ya juya shi a hannu. Ya ce, "A ina?"

Na ce, "A hulata."

Ya ce, "Tsoro kika ji kada a raba mu."

Na gyaɗa kai.

"To. Ni na sa ki cikin tsoron nan, ba ke kika sa kanki ba. Wannan maganar ta tsaya a ramin nan, kin ji? Bolier ba zai ji ta ba." Ya sa makullin a aljihu. Sai ya ce, "Ba zan bi motar gobe ba, Dien."

Na ce ai Dattijo ya ce zai yi sassauci.

"Mu muka rushe wa matar nan gida, 'yata. Da tana da bango huɗu, ko da tsagaggu ne. A watan goma ƙanƙara ke sauka a nan. In koma in zauna a teburin Ubangiji, mutumin nan yana kwance da awaki?"

Na ce to ni ma zan zauna, na iya tattake laka.

"Makaranta za ki fara. Gwaggonki za ta kai ki."

"Saboda makullin ne?"

"A'a," ya ce. Amma laka yake kallo, ba ni ba.

Krijn ya bar masa cokalin gininsa da igiyar awo. Ya ce, "In ka karkatar mini da bango, Rinus, kada ka ce ni na koya maka." Bai yi dariya ba, shi da ya faɗa. Dattijo ya ce wanda ya ƙi bin shugabanni ya san abin da ya zaɓa. A gidan maƙwabcin Saveta Baba zai riƙa kwana, mutumin da ke dafa barasar. Ban san wanda zai sa masa ido ba.

Da rana na kai wa Saveta sauran dankalinmu. Ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbace ni a goshi, ta ce wani abu. Malama Rodica ta ce wai ni 'yar mutumin kirki ce. Na gudu.

Baba ya ce zai dawo da zarar an rufe gidan. Na tambayi Malama Rodica yaushe ke nan. Ta ce in rana ta tsaya, ƙarshen watan tara. In ruwa ya ci gaba kamar na makon nan, tubali ba zai bushe ba sai sanyi ya wuce, wata shekarar.

Ba zan sa wannan a gidan waya ba, zan riga ta isowa. Da hannuna zan ba ki a tasha. Don Allah ki karanta kafin ki tambaye ni komai, kuma kada ki tambaye ni a gaban mutane.

Ki shirya mini gado, Gwaggo. Ban san na kwana nawa ba.

'Yarki,
Dingena